Fuskar 'Yata Ta Fari

Wata Alhamis da rana motar makaranta ta sauke 'yata ta fari a ƙofar gininmu, a unguwar Tsohon Filin Jirgi da ke Doha, a ƙasar Qatar. Ta hawo sama tana gumi, ta wurgar da jaka a bakin ƙofa, abin da na hana ta ya fi sau ɗari. Na buɗe baki zan fara faɗa ke nan, sai ta miƙo mini takarda. Shekararta takwas a lokacin. Malamar zane ce ta ba su aiki: kowane yaro ya raba takarda gida huɗu, ya zana labarin da shi ne jarumi a ciki, irin na littattafan katun.

Ni zane sana'ata ce. Zanen gine-gine nake yi a wani ofishin injiniyoyi, kullum ina fama da rula da kwamfuta. Don haka abin da idona ya fara kamawa, Allah ya yafe mini, layukanta ne da ba su miƙe ba. Sai daga baya na ga mutanen. A gida na farko wata yarinya ce fara sol, gashinta rawaya har gadon baya, tana tashi sama. A na biyu ta kama ɓarawo. A na uku ana ba ta kyauta. A kowane gida kuma, can a lungu, akwai wata 'yar baƙar yarinya mai kitso, tana riƙe da jakar mai tashin. A gida na huɗu ta ajiye jakar tana tafi.

Na ce, "Ke, wannan mai gashin masarar wace ce?"

"Mai labarin ce."

"To ke ina kike?"

Ta ɗora yatsa a kan ta lungun.

"An ce ki zana labarinki, ke ce jaruma. Me ya kai ki ɗaukar wa wata jaka?"

Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai san abin da duniya take ciki ba. Ta ce, "Umma, irinmu ƙawa suke zama. Mai labari daban, ƙawarta daban. Ƙawar tana da kirki, kuma ita take ba da dariya."

Ba da kuka ta faɗa ba. Da kuka ta yi, da abin ya zo mini da sauƙi. Faɗa ta yi kamar mai gaya mini cewa gobe Juma'a ce babu makaranta, ta juya ta buɗe firji tana neman ruwan sanyi. Ni kuwa na tsaya da takarda a hannu, zuciyata tana tafasa, ban ma san wa zan kama da faɗa ba.

Wanda zai karanta wannan zai ga ban ambaci sunanta ba. A lokacin ko a baki ba na ambata. 'Yar fari ce, kuma a gidanmu na Zariya uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa ta ƙare masa kallo. Kunya ce muka gada. "Ke" nake ce mata, in kuma ina magana da wani sai in ce "yarinyar nan". A asibiti kati nake miƙawa su karanta da kansu. A makaranta babanta nake turawa gaba. Shi ɗan birnin Kano ne, gidansu sun daɗe da sakin wannan al'ada, yana kiran sunanta ɓaro-ɓaro, har yana yi mini dariya. Ni kuwa alfahari nake yi da abina. Ina jin cewa duk nisan da muka yi da gida, wannan guda ɗaya dai ban yar ba.

Da babanta ya dawo daga aiki na tare shi da takardar tun bai cire takalmi ba. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "Haba, katun ne fa kawai. Yara ne, za ta wuce wurin."

Na ce, "Katun ne kawai? 'Yarka ta ɗauki kanta 'yar dako a cikin labarinta, kana ce mini katun ne kawai?"

Ya san halina. Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya shige wanka.

Da farko kashe talabijin na yi niyya, in ɓoye abin kunnawar a saman kabad. Sai na ga gara in fara sanin abin da nake yaƙi da shi. Mako guda cur, duk yamma in na dawo, sai in zauna tare da su, ita da ƙanwarta mai shekara huɗu, in kalli abin da suke kallo. A Doha rabin shekara yaro ba ya fita wasa saboda zafi. Esi ne mai sanyaya ɗaki da talabijin, sai waya in an ba shi. Na gane cewa waɗannan zanannun mutane sun fi ni daɗewa da 'ya'yana a kowace rana.

Gaskiya ba zan ce babu baƙaƙe a ciki ba. Akwai su. Amma yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. In ƙungiyar yara ce, za a sa baƙa guda ɗaya a gefe. Ba a shiga gidansu, ba a san uwarta ba, ba a taɓa ganin abin da take ci ba. Aikinta ta ce wa mai labari, "Kin yi daidai," ko ta zaro ido ta faɗi wani abin dariya. Wata ma, in ka lura, fuskar mai labarin ce aka kwafa aka shafa mata ƙasa-ƙasa, hanci ɗaya, gashi ɗaya. Na yi tsaki har ƙaramar ta fara kwaikwayona.

Na shiga shagunan littattafai na manyan kantuna. Na samo wasu, har da masu kyau ƙwarai, waɗanda baƙar yarinya ce take jan ragamar labari. Ta karanta, ta ji daɗinsu, ta ce, "Amma waɗannan ai 'yan Amurka ne, Umma." Na samo wani kuma wai na Afirka: yaro ba takalmi, raƙumin dawa yana leƙowa ta bayan bukka. Ikon Allah! Ni da na girma a Zariya, ban taɓa ganin raƙumin dawa ba sai da aka kai mu gidan namun daji. Na mayar da shi kan kanta tun kafin in yi wa mai shagon rashin kunyar da ba shi ya jawo ta ba.

A mota muna komawa na ce wa babansu, "Ni zan zana mata."

Ya ce, "Ke da kike zana matattakala da banɗaki?"

Na ce, "Za ka gani."

Labarin bai ba ni wahala ba. In sanyi ya shigo mukan kai su kasuwar Souq Waqif da yamma, kuma ba a raba yarinyar nan da layin masu sayar da shaho. Sai ta tsaya ƙiƙam tana kallon tsuntsayen nan a jere, kowanne an rufe masa ido da 'yar hular fata, sai an ja ta da ƙarfi take tafiya. Don haka na ƙirƙiri wata yarinya mai kitson kalaba da take zaune a bene a Doha. Ta tsinci wani shaho mai rauni a tagarsu, ta yi jinyarsa, ta cire masa hula. Shi kuma ya riƙa kai mata saƙo wurin kakarta a Zariya yana dawowa. Wata rana ya dawo ba amsa, sai ta ɗaura ɗamara ta bi shi ta ga lafiya. Babu mai riƙe wa kowa jaka a ciki.

Na sayo takarda mai kauri da fenti na ruwa, don kwalin fensirin kala na yara ƙasa-ƙasa guda ɗaya tal ne a ciki, shi ma kamar taɓo. A kan wani tsohon farantin shayi nake haɗa launi. Bayan sallar asuba nake zama a teburin cin abinci, in yi awa ɗaya kafin su tashi, ranar Juma'a kuma in kai har hantsi. Hannuna ya saba da miƙaƙƙen layi, sai da na koya masa lanƙwasa. Yatsun hannun mutum sun ba ni wuya, na yi ta gogewa har takarda tana hujewa. Amma fuskar jarumar ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan. Tun zanen farko ta fito da kanta, tana dariya. Na ce lallai ashe na ƙware ban sani ba.

Mako shida na yi. Shafi goma sha shida. Na kai wa mai shagon hoto da kwafi da ke ƙasan gininmu ya ɗinke mini shi da bango mai kauri. Ya jujjuya, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce, "Khalas, madam," wato an gama. Na hau bene ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Ranar Asabar bayan mun ci abincin rana na kira su falo. Na ce, "Ke, zo ki karɓa." Ta zauna a kan kafet ta buɗe, ƙanwar ta raɓu a kafaɗarta, babansu yana kan kujera yana leƙe ta saman waya. Tana juya shafi a hankali, tana bin rubutun da yatsa. Ni kuwa na harɗe hannu ina jiran ihu.

Ihun ya zo, amma daga bakin ƙaramar. "Ni ce! Ni ce! Abba, ka gan ni da tsuntsu!"

Na yi dariya na ce, "Ke tafi can, na yayarki ne. Ita ce a ciki."

Babbar ta ɗago kai. Ta ce, "A'a, Umma, ita ce. Ga wushiryarta nan. Ga kumatunta da suke lotsawa in ta yi dariya. Kuma ni na fi haka baƙi."

Na fizge littafin. Na duba shafin farko, na duba na biyar, na duba na ƙarshe. Innalillahi. Ƙaramar ce. Goshinta ne, idonta ne, 'yar haɓarta ce, har hasken fatarta. Kitson kawai na ara daga kan babbar na ɗora mata. Mako shida ina zana fuska ɗaya sau talatin da wani abu, ban taɓa lura ba.

Yarinyar nan ta ga yadda fuskata ta canza, sai ta shiga lallashina. Ta ce, "Ba komai, Umma, ya yi kyau sosai. In za ki yi na biyu ki sa ni a ƙawarta. Na iya riƙe mata shahon."

Na tashi na shiga kicin, na kunna famfo don kada su ji, na yi kukan da rabona da irinsa tun ranar da na baro gida. Na yi fushi da masu katun, na yi fushi da masu shago, na yi fushi da mijina. Ashe ni ma da hannuna na sake ajiye ta a lungu.

Washegari da asuba na ɗauki fensir na ce bari in zana babbar da ka. Na san lambar takalminta. Na san maganin da jikinta ba ya so. Na san ba ta cin kuɓewa, na san tana tsoron lif in ita kaɗai ce. Amma da na zo kan ido sai hannuna ya tsaya. Manya ne ko ƙanana? Girarta a haɗe take ko a rabe? Yaya leɓenta yake in ta yi shiru? Wallahi ban sani ba. Na buɗe hotunan wayata. Ƙaramar ce ta cika ta, tana barci, tana cin kankana, tana kuka. Babbar kuwa sai a hoton taro, ko ta baya, ko rabin fuska a gefe. Ita ƙaramar ina ɗaukarta, ina sumbatarta, ina kiran sunanta da waƙa, don ba ta da kunya a kaina. Hannuna ya zana fuskar da idona ya sani ne kawai.

Da daddare na kira Inna, mahaifiyata, ta bidiyo. Ni ma 'yar farinta ce, kuma har yau da furfura ta fara fito mini ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayar a jingine da wani kwano, rabin fuskarta kawai nake gani. Na kwashe labari duka na gaya mata. Ina tsammanin za ta ce in bar shirme.

Ta ce, "Ke, ni na taɓa kiran sunanki?"

"Ba ki taɓa ba, Inna."

"Kin taɓa jin ba a son ki?"

Na yi tunani. Ban taɓa ba. Na tuna kakata ta wajen uba, yadda takan kama haɓata ta ɗaga fuskata ta ce wa duk wanda ya shigo ya zo ya ga baƙin da ya fi na kowa sheƙi. Na tuna goggonnina biyu suna rigima a kan wadda za ta yi mini kitson salla. Na tuna kawuna da ba ya dawowa daga kasuwa sai da abin wuya ko awarwaro, yana kwaɗa mini kira tun daga zaure.

Inna ta ce, "To kin gani. Ni da na kawar da kai, mutum goma ne suke kallonki a madadina. Ke da kika ɗauki kunyar kika hau jirgi da ita, kin tafi da mutum goman?"

Daga falo ina jiyo muryar katun tana ta ƙyalƙyala dariya.

Na ce, "Inna, ke kin san fuskata kuwa?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kina da ɗan tabo a ƙarƙashin haɓa, daga faɗuwa a bakin rijiya. Idonki na hagu ya fi na dama ƙanƙanta in kin gaji. Mu satar kallo muke yi. Ke ko satar ba ki yi ba, kina can kina zana gidajen mutane. Ajiye mini waya, magariba ta yi."

Ta kashe. Na daɗe ina shafa ƙarƙashin haɓata.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, na ce wa babansu ya ɗauki ƙaramar su je shan askirim, kada su dawo sai la'asar. Ya buɗe baki zai yi tsokana, ya kalli fuskata, ya fasa. Ya ce wa ƙaramar, "Yalla, maza sa takalminki."

Na ja kujera bakin tagar falo inda haske yake shigowa, na ɗage labule. Na ce, "Ke, zo ki zauna nan."

Ta zauna, hannuwa a kan cinya. Na zauna a gabanta da allon zane, na ɗaga ido na dube ta.

Wanda bai taso cikin wannan al'ada ba zai ce mene ne abin wahala a kallon ɗan da ka haifa. Ni dai gumi ne ya karyo mini, ga esi yana aiki. Idona sai zamewa yake, ya koma kan labule, ya koma kan takarda. Ji nake kamar duk matan gidanmu suna tsaye a bayana suna salati. Na ce wa kaina, ko za ki mutu sai kin kalle ta. Na dawo da idon na kafe shi.

Ba a yi minti biyu ba ta fara mutsu-mutsu. Idonta ya ciko. Ta ce, "Umma, na yi laifi ne?"

"Laifin me?"

"Kina kallona."

Nan ne abin ya soke ni fiye da na ranar Asabar. Gaskiyarta ne. Duk rayuwarta ba na tsayar da ido a kanta sai in harara ce, in ta fasa kofi ko ta yi surutu a gaban baƙi. Na ce, "Ba ki yi komai ba. Zana ki zan yi. Ɗaga kanki kaɗan."

Na fara da goshi. Faɗi gare shi, gashin yana shigowa da ɗan tsini a tsakiya. Girarta siriri ce, kuma a ta dama akwai wani ɗan wuri da gashi bai fito ba. Na ce, "Wannan tabon fa?"

"Bara ne, a makaranta, na faɗi a kan lilo. Na gaya miki ai. Kika ce in daina guje-guje."

Na ce, "Haka na ce?"

"E."

Na zana tabon yadda yake. Idanunta ba manya ba ne, amma dogaye ne, gashinsu ya yi zara-zara. Hancin na Inna ne sak, ban taɓa sani ba. Kunnenta na hagu ya ɗan fi na dama tashi. Leɓenta na ƙasa yana da wani ɗan ja a tsakiya. Wuyanta dogo. In tana ƙoƙarin danne dariya, gefen bakinta ɗaya ne kawai yake motsi.

Launin ne ya fi cin lokaci. Na haɗa ƙasa-ƙasa da baƙi, ya fito a mace, ba ita ba ce. Na wanke faranti na sake. Na ƙara ja, ya matso. Na duba goshinta inda hasken taga yake sauka, sai na ga wani shuɗi-shuɗi a ciki. Kumatun kuma sun fi ja. Ƙarƙashin ido ya fi duhu. Ashe launi huɗu ko biyar ne a fuska ɗaya, masu katun suna shafa mata guda ɗaya su wuce. Sau bakwai na wanke farantin nan. Ina haɗawa ina ɗiga a kan takarda, ina kai takardar kusa da kuncinta, har sai da na kasa bambance su.

Da na gama na juya mata allon. Ta daɗe tana kallo. Ta kai hannu ta taɓa girarta, ta taɓa ta takardar.

Na ce, "Kina da kyau."

Ta ce, "Ni?"

"Da wata a ɗakin nan ne bayan ke?"

Gefen bakin nan ya motsa. Ta sunkuyar da kai, ni ma na sunkuyar da nawa, muka zauna kamar surukai.

Na sake littafin daga farko, shafi goma sha shida, ban kwafi ko ɗaya ba. Na farkon na bar wa ƙaramar, tun da ta riga ta ƙwace shi tana kwana da shi. Wannan karon ba a ɓoye na yi ba. Kowace Juma'a babbar takan zauna a bakin taga in ce ta yi fuskar tsoro, ta yi ta fushi, ta miƙa hannu kamar shaho zai sauka a kai. Ta fara gyara mini aiki. Ta ce jarumar ba za ta sa takalmi mai tsini ba in za ta yi tafiya mai nisa. Ta ce shaho ba ya kallon mutum ta gaba, ta gefe yake kallo, kuma gaskiyarta ne. Babansu ya daina tsokana. Wata rana ma na tarar ya sayo mini sabuwar takarda mai kauri ya ajiye a kan tebur.

Akwai wuri ɗaya da na bari. A shafin ƙarshe yarinyar ta dawo daga Zariya, shaho a hannunta, uwarta ta leƙo ta tagar bene tana kwaɗa mata kira. Na zana uwar, na zana bakinta a buɗe, na zana ɗan zagayen da ake rubuta magana a ciki. Amma na bar shi fari. A duk littafin jarumar ba ta da suna, "yarinyar" kawai nake rubutawa. Na gaya wa kaina cewa zan cike daga baya. Har aka ɗinke littafin ban cike ba.

Ranar da na kawo shi muka sake zama a falo mu huɗu. Ta ce ni zan karanta musu da ƙarfi. Na karanta, tana riƙe da gefen shafi, ƙaramar tana gyara mini kukan shaho. Da muka zo ƙarshe na yi sauri zan rufe, sai ta sa yatsa ta tare.

"Umma, nan babu rubutu. Me uwar take cewa?"

"Kiran ta take yi."

"Da me?"

Babansu ya ajiye waya. Bai yi dariya ba, bai kuma cece ni ba.

Na ce a miƙo mini alƙalami. Ni da nake jan layi mai tsawon takarda ba tare da rula ba, sai ga haruffa 'yan kaɗan sun ba ni wuya. Na rubuta sunan. Ya ɗan karkace, har yau a karkace yake a littafin.

Ta ce, "Ba ki karanta ba."

Na ja numfashi. Na nemi gafarar matan gidanmu a zuci, na ce su yi haƙuri, ba su nan, ni kaɗai ce a nan. Na kalli fuskar da yanzu na san kowane lungunta, na kira sunan da ƙarfi, yadda uwa take kira daga bene.

Ta zabura ta miƙe tsaye. Ta ce, "Na'am, Umma. Me zan kawo?"

Na ce, "Ba aike ba ne. Zauna."

Ta zauna. Na sake kira, ta sake amsawa.